Ranar da Yaya Tsahara ta ƙi yi wa Tanko kuka

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Tsahara, kuma har yau idan na shiga kasuwar Madarunfa akwai tsofaffin da ba su san sunana Isuhu ba. Tanko suke ce mini. Sunan wani masunci ne da na taɓa fitowa a matsayinsa a wasan kwaikwayon rediyo, tun kaina bai san furfura ba. Ba na gyara musu, domin duk wanda ya kira ni da sunan nan, Yaya yake tuna mini.

Waɗanda suka tashi suka tarar da salula a hannun kowa ba za su gane yadda abin yake ba. Shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo Mushe Lawali ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, shi ke da na'urar ɗaukar murya. Ba ma rubuta komai. Mushe zai faɗi inda labari ya dosa, kowa ya nemo maganarsa daga cikinsa. A wani aji muke ɗauka bayan an tashi yara, a ba direban motar Maraɗi kaset ya kai gidan rediyo, ranar Juma'a bayan la'asar a saka. A wannan lokaci ko mai shayi ba ya son a yi masa magana. Wanda pil ɗin rediyonsa, wato batir, ya mutu sai ya ruga gidan maƙwabci.

Labarin da ya fi kama mutane shi ne na Tanko. Masunci ne da ya yi ta mafarkin ruwa ya rufe kansa. Ya je wurin mai duba, aka zana ƙasa aka ce masa ruwa ne ajalinsa, ba zai ga kaka ba. Sai ya sayar da kwalekwalensa, ya rataye komarsa ta kamun kifi, ya shige ɗaki yana jira, yaransa na kwana da yunwa. Yaya ce ta fito a matsayin Inna, uwar Tanko, alhali ba ta girme ni da wasu shekaru masu yawa ba. Ƙarshen da Mushe ya tsara shi ne Tanko zai gudu wani ƙauyen tudu inda babu tafki, ruwan farko ya sauka, ya zame cikin kududdufi ya mutu. Dukanmu mun yaba. Ni har na riƙa gwada yadda zan yi kakarin mutuwa a shagona na ɗinki.

Ranar ɗaukar kashin ƙarshe, Mushe ya danna na'ura, na yi kakarina, aka zo wurin da Inna za ta fasa kuka. Kaset na ta juyawa, kukan bai zo ba. Sai Yaya ta ce, "Mushe, kashe abin nan. Ni ba ni yin kukan ga."

Ashe a makon da ya gabata ta je bikin suna a ƙauyen Safo, ta tarar da wani manomi kwance, hauya ta sare shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura har ta fara wari. Ya yi mafarkin an naɗe shi a likkafani, don haka ya hana a kai shi asibiti. Da Yaya ta yi wa matarsa magana, sai matar ta ce ai ko Tanko na rediyo da ya san lokacinsa ya yi, ɗaki ya shiga. Wannan amsa ce Yaya ta kasa mantawa. Ta ce mana idan muka kashe Tanko ran Juma'a, mun taya wancan bawan Allah haƙa kabarinsa. Mushe ya ce wasa ne kawai, kuma idan Tanko ya tsira za a ce muna musun ƙaddara. Ta ce to ya nemi wata uwar. Ya san babu wata mace a garin da mijinta zai bari a ji muryarta a rediyo. Aka yi ta ja, har daga ƙarshe ya ce ta faɗi abin da za ta faɗa, amma ta sani ita za ta ɗauki abin da ya biyo baya.

Muka koma baya zuwa inda Tanko ke kwance a ɗaki. Ban san abin da za ta yi ba, sai na ji ta kama kunnena da gaske ta murɗe. Ihun da mutane suka ji a rediyo ba na wasa ba ne. Ta ce, "Tashi, ɗan nan! Mai duban da ya ga ajalinka, ya ga nashi? Mutuwa na da ranarta, ba kai aka ba ajiyar ranar ba. Yaranka yau suke jin yunwa." A sabon ƙarshen, Tanko ya ɗaura gora a ƙirji don kada ya nutse, ya ari kwalekwale, ya koma tafki. Wasa ya ƙare yana jan koma. Ba mu faɗi yadda ya mutu ba, domin mu ma ba mu sani ba.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce an cuce su, sun yi makonni suna jiran gawa. Wani dattijo mai faɗa a ji ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce mace ta shiga rediyo tana gardama da abin da Allah ya rubuta. Aka matsa wa mijinta lamba, har aka kira ta zauren dattijon, na raka ta. Ta durƙusa ta gaida kowa yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Abin da ban yarda da shi ba, wani ya ce ya leƙo ta." Liman yana wurin. Ya ce shi bai ji kuskure a maganarta ba, zuwa wurin mai duba ne addini ya hana, bai hana neman magani ba. Duk da haka ba a bar ta ta sha iska ba. Mata da yawa suka daina sayen man gyaɗarta, aka daɗe ana juya mata baya a gidan biki. Ko sau ɗaya ban ji ta ce da ta sani ba.

Manomin Safo kuwa, ba zan ce muku wasanmu ne ya tashe shi ba, don ba haka aka yi ba. Yaya ce ta koma da kanta, ta zauna a ƙofar gidan tana kunyata ƴan'uwansa har suka ɗora shi a amalanken jaki zuwa asibiti. An yanke ƙafar. Ya rayu shekaru yana tufkar igiya a gindin bishiyar bedi, kuma duk ranar da ya gan ta sai ya ce ga matar da ta cinye masa ƙafa, su yi dariya.

Da ciwo ya same ta a mama, ba ta ɓoye ba kamar yadda mata da yawa ke yi. Ta je Maraɗi, aka tura ta Yamai, aka yi mata aiki. Ta dawo ta ƙara wasu shekaru tana harkokinta, sannan ciwon ya komo ya tafi da ita cikin damina. A zaman makoki na ji wani yana cewa ƙasa-ƙasa, to ga mai gardama da ƙaddara nan an rufe ta. Wurin ba na faɗa ba ne. Yau zan ba shi amsa, idan yana raye. Yaya ba ta taɓa cewa ba za ta mutu ba. Cewa ta yi ba za ta kwanta tun ba a kwantar da ita ba, kuma ta cika alkawari.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Ƙauyukan wajen Gabi ƴan bindiga sun hana su barci, ana kora shanu, ana ɗauke mutane daga gona. A cikin salula kuma masu fassarar mafarki sun fi na da yawa, kowa na gaya maka gobenka. Kullum sai na ji wani ya ce haka aka rubuta mana. Na san wannan magana za ta tayar mata da rai. Ba za ta ce wa kowa ya tsaya gaban bindiga ba, ita ce fa ta sa aka ɗaura wa Tanko gora. Wanda ya duba ya ga ƙaura ce mafita, ya kwashe iyalinsa, shi ma zaɓi ya yi. Wanda ba za ta ƙyale ba shi ne mai miƙa wuya tun bai gwada komai ba, sannan ya jingina wa Allah kasalarsa.

Muryarta ba ta saura ba. Na je gidan rediyon neman kaset ɗin, aka ce an daɗe da ɗaukar wasu abubuwa a kansu. Jikokinta ba su taɓa jin yadda take magana ba. Amma ta bar ƴa, Nana, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti kusa da iyaka. Bara, bayan an kai hari ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, aka ba ta damar komawa Maraɗi. Da na ji tana jan ƙafa, na hau babur na tafi in lallashe ta. Na tarar da mata jere a kan benci, ita tana wanke hannu.

Ta ce, "Kawu, na yi tunani. Yara na tura su Maraɗi wurin babansu. Ni ina nan sai an kawo wadda za ta canje ni."

Na ce, "In ƴan bindigar suka zo fa?"

Ta ce, "In suka zo, mun shirya da matan gari ta inda za mu bi. Amma yanzu mata biyu ke naƙuda, ruwa kuma ya ƙare a randa."

Ta miƙo mini bokiti. Na karɓa, na nufi rijiya.