Allurar da Aka Zura ta Maɗigar Ɗana

Shekara uku ke nan da rasuwar ɗana, kuma har yau in aka miƙo mini jariri, tsakar kansa nake fara dubawa.

Ɗan fari ne, don haka a gidanmu na Ɗanzomo na haife shi. Kun dai san yadda ake: ba a nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya, ko sunansa uwa ba ta kira. Bayan suna da 'yan kwanaki ya ƙi kama nono, jikinsa ya ɗau zafi, kukansa ya koma wani siriri mai tsinka zuciya. Maɗigarsa ta kumbura. Na faɗa wa Inna, mahaifiyata, murya ƙasa-ƙasa. Ta yi dariya ta ce, "Oh ni, 'ya'yan zamani! Ko kunya ba kya ji? Maɗiga ce, duk kun yi ta." Aka kwaɓa magani aka shafa masa. Ban ga laifinta ba, da irinsa ta raine mu.

Sai da ya fara sandarewa aka nemo babur zuwa Gumel, daga can aka tura mu Kano. Likita ya ce sanƙarau ne, ƙwayar cutar ta shiga ruwan ƙwaƙwalwarsa. An yi ta ba shi magani ta jijiya, ba sauƙi. Rannan likitan ya zaunar da ni da maigidana, ya ce akwai wata hanya, a zura allura ta maɗiga a kai maganin can ciki. Bai ɓoye mana ba, ya ce tana da haɗari, ba kowane likita ke yarda da ita ba. Mu da tun muna yara ake buge mana hannu in mun taɓa wurin nan, yau ga shi za a soka masa ƙarfe. Muka ce a yi. Bai kai arba'in ba.

Kwana ne ya ƙare, na sani. Amma zuciya ba ta daina tambaya: cutar ce, ko allurar, ko jinkirin?

Da yana raye, da yanzu yana korar kaji a tsakar gida. Wani lokacin nakan ce, ko me zai ce in ya ga cikin da nake ɗauke da shi yanzu, watansa har ya kama? Inna ta aiko wai in taho gida, ta tara itacen wankan jego. Na ce ba zan yi nesa da asibiti ba, ita ta zo Gumel inda nake aure. Ta ce, "Tsoro zai ƙarasa ki kafin naƙuda." Wataƙila. Amma ta ce za ta zo.

Abin da ɗana ya bar mini ke nan, tsoro da baki. In wannan ya ƙi nono ko sau ɗaya, da ƙarfi zan faɗa, a gaban kowa.

Sunan ɗan farina Sadiƙu. Ban taɓa faɗa ba sai yau. Allah Ya sa mai ceto ne.