Layi Huɗu a Ƙarƙashin Taswira

Ƙarfe biyu da minti goma na ranar Laraba taswirata ta hau allo a ajinmu na jami'a da ke unguwar Aldwych, a ƙasar waje, ba yadda na miƙa ta ba.

Mu biyar aka haɗa a aikin tsara birane. An ba mu wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin Indiya, wanda sabuwar hanyar mota ta sa yake ta faɗaɗa, kuma ran Juma'a za a tura rahotonmu ga hukumar garin. A cikinmu akwai ƙawata, 'yar garin, daga wata ƙabila mai bin addinin Buddha. Ni aka bar wa taswira, tunda ba na iya magana gaban mutane.

A tsakiyar garin akwai fili, ba gini, ba shuka. Sai da ƙawar tawa ta kira mahaifiyarta ta bidiyo na gane amfaninsa. Kowace sabuwar shekararsu, a nan ake kafa rumfar gora, a fito da mutum-mutumin Buddha daga wurin ibada, a yi kwana uku ana zuba masa ruwa, yara na zuba wa tsofaffi a hannu. Tsohuwar ta taka filin da ƙafarta tana nuna mini iyakokinsa. Na shafa masa kore, na rubuta layi huɗu a ƙasa cewa kada a taɓa shi.

A allo, filin ya koma ja. An rubuta tashar mota. Layukan babu, sunana kuwa yana nan.

Ƙawata ta dube ni sau ɗaya, ta tattara littattafanta ta fita. Na bi ta da saƙo, ba ta buɗe ba. Sati uku ina auna filin nan, kuma da sunana za a kai wa mutanen takardar da ta ce su kwashe.

Malamarmu ta ce lamarin group ne. Sauran biyun suka ce ba su ba ne. Saura shugaban group, wani dattijo ɗan arewarmu, jami'in filaye da gwamnati ta turo karatu. Kwana biyu yana ce mini yana meeting.

Ran Juma'a na tsaya a ƙofar masallacin Regent's Park har ya fito.

"A'a, 'yata, ke ce a nan? Yau bebiya ta zo wa'azi?"

"Baba, wa ya goge rubutuna?"

"Ni na yi delete. Mun wuce word count. Kuma gari na girma, ina za a sa motoci? Kwana uku fa a shekara."

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar.

"Filin Idi fa, Baba? Safiya biyu ce kawai a shekara. Shi ma tasha za ka mai da shi?"

Mutane suka fara juyowa. Ya gyara hularsa, ya duba agogo, ya ce tun ƙarfe sha ɗaya ya tura rahoton. Na ce ba abin da na tambaye shi ke nan ba.

Ya yi 'yar dariya.

"Na garinmu? Ai tuni aka yanka shi shaguna, 'yata. Ni na sa hannu."