Ƙofar Iska

Duk wanda ya zauna a unguwar Tandabawi ta Makka ya san Sabi'u mai tanti, in bai san fuskarsa ba ya san ƙarar keken ɗinkinsa. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana ɗinki a shago ɗaya. Mahaifinsa Malam Mukhtaru daga Kano ya taso da ƙafa, ya ratso Sudan, ya sauke farali, bai koma ba. Da ya rasu, abin da ya bar wa ɗansa bai wuce basilla uku da dabara ɗaya ba.

Dabarar kuwa ita ce: kowane tanti ka ɗinka, a gefen da iska ke bugowa ka bar ɗinki ɗaya, tsawon kamu biyu, da zare marar ƙarfi. Ranar da guguwa ta taso wa alhazai a Arafa, nan ne zai yage, iska ta samu hanya ta wuce, turaku su tsaya a inda suke, ƙarfe bai faɗo wa kowa a ka ba. Malam Mukhtaru na kiran wurin ƙofar iska. Waɗanda ba su san aiki ba sukan ce ha'inci ne, Sabi'u kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Tantinsa ya sha yagewa amma bai taɓa kashe mutum ba, da wannan yake taƙama. Ko da aka daina tantin ƙyalle a Mina ya koma ɗinka rumfar mota da tantin biki, hannunsa bai daina barin ƙofar nan ba.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Muhsin, mai tuƙa bas ɗin alhazai tsakanin Arafa da Muzdalifa idan lokaci ya zo. To ka ji ikon Allah. Kakan yaron sau ɗaya ya hau teku, daga Sawakin zuwa Jidda, ya rantse ba zai ƙara ba, sai ga jikan da aka haifa a tsakanin duwatsun Makka ya kamu da son ruwa. Duk ƙarshen mako yana Shu'aiba, a bakin teku kudu da Jidda. Akwai wani lungun teku a can, ruwansa iya gwiwa, a kwance lumui, iskar arewa na share shi. Mutum zai tsaya a kan allo siriri, ya riƙe wani babban ƙyallen roba da suke kira shira'i, iska ta figi shi da allon gaba ɗaya. Ƙungiyarsu ta kafa turaku biyu a ruwan, mita ɗari biyar tsakaninsu. Wanda ya fi kowa gudu ya cinye su a daƙiƙa ashirin da biyar cif, shekara bakwai ke nan ba a karya ba. Muhsin ya kai ashirin da biyar da rabi. Rabin daƙiƙa fa, ko atishawa ta fi ta tsawo, amma ita ta hana shi sukuni shekara uku.

Sabi'u bai taɓa son abin ba, ya faɗa kuma ya sake faɗa. Bara aka ɗauko Turki, abokin Muhsin, daga ruwan nan da karyayyen baya, yanzu a keken guragu yake zuwa masallaci. Sabi'u bai tambayi yadda aka yi ba, don bai son ji. Ya dai san ɗansa na da 'ya, Raghad, shekararta biyu, wadda ba ta cin abinci sai a cinyar ubanta.

Ranar wata Laraba Muhsin ya shigo shago da shira'insa a naɗe, ɗinki ɗaya ya farke daga sama har tsakiya. Asabar ce ranar gwaji ta ƙarshe a bana, daga ita iska ta tafi sai baɗi, sabo kuma sai an yi odarsa daga waje. Larabci ya fi kama bakin Muhsin, ba ya juyawa Hausa sai yana son wani abu, ko a nan ma Abuya yake cewa maimakon Baba.

"Abuya, ba hannun da na yarda da shi sai naka."

Sabi'u ya yi mita, ya ce shi ba ya ɗinka wa mutum abin kashe kai, sannan ya karɓa. Washegari da safe ya zauna a keke. Aiki ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Sai da ya gama yana shafa ɗinkin da ɗan yatsa ya ga abin da hannunsa ya yi ba tare da ya sa shi ba: wajen tsakiya, kamu biyu, ya canza zare, ya bar ƙofa. Ya ɗauki almakashi zai warware. Ya tuna Turki. Ya ce a ransa, in iska ta yi yawa ƙyallen ya yage, ai yaron tsayawa zai yi, ya yi fushi kwana biyu, ya dawo gida da ƙafarsa. Ya ajiye almakashin. Da rana matarsa Kabira ta ga bai taɓa abinci ba, ta tambaya, ya ce zafi ne.

Asabar ya bi ɗansa Shu'aiba, zuwansa na farko. Iska ta kusa tuge masa hula tun daga bakin mota, yashi na sukar ƙafa kamar allura. Aka zaunar da shi a rumfa kusa da Hamad, wani dattijo ɗan Jidda mai riƙe da na'urar auna lokaci, tuta biyu a gefensa, kore ta buɗe hanya, ja ta tsayar da kowa. Muhsin ya yi zuwan farko. Sabi'u bai ga ɗansa ba, farin ruwa kawai ya gani ya wuce da wata irin ƙara. Hamad ya ce ashirin da biyar da ɗigo biyu, ya ce kuma iska na ƙaruwa, zuwa na biyu shi ne magana. Muhsin ya juya ya koma can nesa inda ake tasowa, har ya zama ɗigo.

Nan ne Sabi'u ya yi tambayar, kamar mai neman hira. In iska ta fi ƙarfin ƙyallen ya yage, ai mutum tsayawa kawai zai yi, ko?

Hamad ya juyo ya dube shi. "Tsayawa, ya Abu Muhsin? A ɗaure yake da shira'in a ƙugu, duk nauyinsa a kai ya rataya. In ya yage a wannan gudun, ƙasa zai daka, ruwan nan iya gwiwa ne. Ai abin da ya sami Turki ke nan."

Sai a nan Sabi'u ya gane. Tanti a kafe yake, in ya yage mutanen ciki sun tsira. Wannan kuwa mutum ne a rataye. Shekara arba'in yana barin ƙofa don kada a mutu, yau ya bar ta daidai inda za ta kashe masa ɗa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya a kai, don faɗar gaskiya na nufin ya ce a gaban mutane shi ya lalata aikin da sani.

Ya ce a tsayar da Muhsin. Hamad bai gane ba, ya ce ai ya riga ya taso, yana tattara gudu, minti ɗaya zai shigo turken farko. Sabi'u ya buɗe baki, Larabcin ya gudu, Hausa ce ke fitowa, Hamad kuwa ko kalma ba ya ji. Bai ƙara ɓata lokaci ba. Ya fizgi jar tutar ya nufi ruwa.

Mutumin da bai taɓa sa ƙafa a teku ba, da farar tobe, doguwar rigar nan ta Larabawa, da takalmi. Laka ta cire takalmi ɗaya, ya bar mata. Ana ta ihu a bayansa ya fito, za a buge shi, bai waiwaya ba. Ruwa ya kai gwiwa, iska na neman ƙwace tutar, ya riƙe ta hannu biyu yana kaɗawa sama da kansa. Ɗigon nan na ƙara girma. Yana iya hango ƙyallen ya cika tam, ya san daidai inda zaren yake, ya san nawa zai iya ɗauka, shi ya saya da hannunsa. Ba addu'ar da ta zo bakinsa sai sunan yaron. Saura kaɗan Muhsin ya kai turken farko, ya hango jar tutar, ya sassauta ƙyallen, farin ruwan ya kwanta, allon ya zo a hankali ya tsaya.

Muhsin ya diro ransa a ɓace, yana tambaya da Larabci wa ya mutu. Sabi'u ya kama shira'in, suka jawo shi bakin gaɓa. Mutane sun taru. Sabi'u ya nuna wa ɗansa wurin, ya ce ya ja. Muhsin ya sa hannu biyu ya ja, ba ma da ƙarfi ba, ɗinkin ya buɗe kamar bakin buhun shinkafa. A shagon nan ya tashi, ya san sunan abin da yake kallo.

"Mantuwa ce, Abuya?"

"Da farko mantuwa ce. Na gani na bari."

Sabi'u ya ciro basilla da zare mai kaki daga aljihu, don ko masallaci da su yake zuwa, ya durƙusa a yashi da jiƙaƙƙiyar tobe ya fara ɗinki da hannu. Ya soki kansa sau biyu. Tutar da ke kan rumfa, wadda ɗazu take miƙe sak, ta fara lanƙwasa. Kowa na kallonta, shi ma yana jin iskar na raguwa a bayan wuyansa, amma bai tsallake huda ko ɗaya ba. Minti arba'in ya ɗauka.

Muhsin ya koma ruwa. Ɗinkin ya riƙe. Hamad ya dubi na'ura ya ce ashirin da shida. Bayan la'asar iska ta kwanta gaba ɗaya, aka cire turaku sai baɗi. Wani saurayi ya ce da an bar shi a zuwa na biyun nan da ya karya, Hamad ya daka masa tsawa, amma kowa ya san gaskiya ya faɗa, in da ƙyallen zai kai.

Suka koma Makka. Kwana tara Muhsin bai leƙa shago ba, Raghad ma uwarta ce ke kawo ta. Sabi'u ya rame, Kabira ta ji labarin a bakin surukarta, ta ce masa ya kyauta kuma bai kyauta ba, ta bar shi da haka.

Rana ta goma Muhsin ya shigo da shira'i biyu a kafaɗa, tsohon da wani, ya shimfiɗa su a kan tebur. Da Hausa ya yi magana.

"Baɗi zan koma, Abuya, ko ka so ko ba ka so. Ka bi min su ɗinki ɗinki. Kai nake so ka yi."

Sabi'u ya jawo durowa, ya ɗauko ƙullin zaren nan marar ƙarfi, irin wanda mahaifinsa ya koya masa saye, ya miƙa wa Muhsin ya ce ya tafi da shi gida, don bai yarda da hannunsa ba. Ya zura mai ƙarfin a allura, idonsa ya cika da ƙwalla har sai da ya yi sau uku kafin ya shiga, ya taka keke.