Ƙusar da Kakana Ya Bari a Bango

Jiniyar masaƙa ce ba ta yi kuka ba. Tun ina rarrafe, da ita muke sanin rana ta yi tsaka a Kakuri. Ran nan ina wanke kayan makaranta, na ji shiru, sai kuma warin taya da ake ƙonawa.

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba bayan rikicin addinin da aka yi a garin, kowa na cewa an samu sauƙi. Ni da kakana kaɗai ne a gida.

Bari in gaya muku yadda zaurensa yake. Yana saurayi masaƙa ta tura shi Jamus koyon gyaran injin saƙa. A can aka kai su wani gini a kan tudu, kogi na gudu a ƙasansa. Ya ce babu kowa ciki sai kawunan mutane da aka sassaƙa da farin dutse: sarakunansu, malamansu, mawaƙansu. Kuma ba a sa mutum sai ya daɗe da mutuwa. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya dawo sai ya mai da bangon zaurenmu nasa ginin. Duk abokin aikin da ya rasu, Musulmi ko Kirista, sai ya nemo hotonsa ya rataye. Ni nake goge gilasan ranar Juma'a, yana faɗa mini wanda ya rasa yatsa a inji, da wanda ba ya cin abinci sai ya raba. Akwai wata bazawara daga unguwar Nasarawa da takan kawo ɗanta lokacin Kirsimeti ya ga fuskar ubansa, don hoton nan kaɗai ya rage.

A ƙarshen jerin akwai ƙusa ɗaya da ba a rataye komai ba. Tasa ce. Na tsani ƙusar nan.

Maƙwabcinmu bakanike ne, Ibo, Baba muke ce masa. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Alhaji, ni yaushe za ka sa ni?"

"Mutu tukuna, in duba halinka."

Shi ne ya faɗo gidanmu ran nan, ba sallama, gumi har wuya. "Alhaji, suna tafe. Ku taso!"

Kakana ya gyara zama a kan buzunsa. "Tafi da amaryata. Ni ba na barin mutanen bangon nan su kaɗai."

Na riƙe rigarsa ina kuka. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

A ramin gareji Baba ya sa ni, inda yake shiga ya duba ƙasan mota. Ya rufe da katako, ya turo wata tsohuwar bas a kai. Baƙin mai ya jiƙa mini zane. Ina jin gudu, ina jin ihu, ina jin ana dukan ƙofa, na kuma san ƙofarmu ce, don na san kukanta. Na yi ta karanta duk surar da ta zo bakina, ina tsallake ayoyi. Idona a rufe, amma ƙusar nan kawai nake gani, da hoton da zan rataya a kanta.

Rana ta yi sanyi sosai kafin bas ta motsa. Haske ya shigo, na ga fuskar Baba, leɓensa a fashe.

"Fito, 'yata. Sojoji sun tare titi. Ba mai taɓa ki."

Na juya na dubi gidanmu. Ya gane.

Ya ce sun karya ƙofa, sun kwashe rediyo da keken ɗinkin mahaifiyata. Mai jarkar fetur ya shiga zaure, ya ɗaga kai, ya ga hoton ubansa. Ɗan bazawarar nan ne, ya zama ƙato. Sai ya ajiye jarkar ya zauna a ƙasa, sauran suka yi ta zaginsa, ya ƙi tashi daga bakin ƙofa.

Muka shiga gida ina jan ƙafa. Gilasai biyu sun fashe. Kakana na durƙushe yana tsince su, goshinsa da jini. Ya dube ni, ya dubi zanena.

"Amarya, wa ya shafa miki baƙin mai haka?"

Na wuce shi, na kai hannu ƙarshen bango, na taɓa ƙusar. Babu komai a kanta.