Hannun Jikata da Turaren Wutata

Jikata tana wurina a unguwar Boukoki tun da aka yaye ta. Da ta zama budurwa sai atishawa ta kama ta, ido ya yi ja, ƙirji yana kuka. Ubanta, ɗana da ke aikin gwamnati a unguwar Koira Kano, ya ce turaren wutar da nake haɗawa ne, kuma zai ɗauke 'yarsa. Na ce sai an gwada tukuna.

A asibiti likita ta ce hanya biyu ce. Ko a ɗiga ruwan abubuwan da ake shaƙa a fatar hannu, a ɗan tsaga, wanda jiki ya ƙi ya kumbura nan take; ko a ɗebi jini a kai labo, wato ɗakin gwaji, a jira. Na zaɓi na fata. Amma da yarinyar ta naɗe hannun riga, sai ga baƙin lalle har gwiwar hannu, na bikin ƙawarta, wanda zai ɓoye jan fatar. Ga kuma ƙwayar atishawa da take sha, wadda likita ta ce tana hana kumburin fitowa. Jini kuwa bai damu da lalle ko ƙwaya ba. Aka ɗeba.

Da sakamako ya fito, ɗana ya karanta ya ce gashin kyanwa ne, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma ni ba na karatu, kuma maganar riƙon jika ba ta kunne ba ce.

"Inna, jini fa ba ya ƙarya," in ji shi.

"To bari fata ta faɗa a gabana."

Na bari lalle ya koɗe. Da izinin likita muka ajiye ƙwayar, muka koma. Na zauna ina kallon hannun, ban ɗaga kai ba. Wuri guda ya tashi, ja, kamar cizon sauro. Na ɗora yatsa kusa na tambaya. Kyanwa ce, in ji likita, tamu ta gida wadda take kwana a ƙafafun yarinyar.

Likita ta ce hayaƙi ba ya cikin gwajin, amma yana tsokanar ƙirji. Wannan na karɓa. Na mai da kaskon turare can bayan ɗaki, kyanwa ta koma shagon ƙanena a Kalley, inda ɓeraye suka ishe shi. Yarinyar ta yi mini fushi, ba ta ci tuwona ba ranar. Tabarmarta dai tana nan kusa da gadona.