Kwaɗon Magaza da Bindigar Kawu Barau

Kawu Barau, yayan innata, ya yi sojan Faransa. Ya dawo Magariya da ɗingishi da baki, kai, baki kam har ya yi yawa! Kullum a gindin tsamiya labari ɗaya ne: wai a can ƙasar Turawa ba a neman makulli, bindiga ake ɗana wa kwaɗo, tau, ƙofa ta wangale. Mun sha tambayarsa ko shi ya taɓa yi. Sai ya ce ya ga wanda ya gani.

Aka ba shi gadin magaza, wato ɗakin ajiyar gyaɗa na wani kamfanin Nasara, da tsohuwar bindiga. Matarsa Ɗela tana cikin matan da ke ɓarar gyaɗa a ciki. Mace ce mai sanyin hali, ga ciwon ƙirji tun tana budurwa, ƙurar ɓawo kaɗai takan sa ta tari. Ita ce duk duniyarsa, da yake Allah bai ba su haihuwa ba.

Akawun wurin, Isufu, yana da wata muguwar ɗabi'a. In zai fita sai ya garƙame matan a ciki, wai kada su cika zane da gyaɗa. Don Allah ku ji, mutum kamar akuya!

Wata Juma'a ya kulle su ya tafi masallaci da makulli a aljihu. Wata daga cikinsu ta hura 'yar wuta za ta gasa gyaɗa, wutar ta kama ɓawo, ta kama buhuna. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙyauren ƙarfe. Mutane suka taru, wani ya sheƙa kiran Isufu. Ɗela tana bayan ƙyaure tana cewa, "Maigida, ƙirjina! Buɗe mana!"

Wani tsoho maƙeri ya riƙe hannun Kawu ya ce, "Barau, dakata, masallacin ba nisa."

Ina! Kawu ya ce da matan su kauce, ya harbi kwaɗon.

Kwaɗo bai buɗe ba. Ya lotse ne, bakinsa ya murɗe ya haɗe. Hayaƙin bindiga bai gama bajewa ba sai ga Isufu da gudu, ba takalmi. Ya sa makulli, makulli ya ƙi shiga. Ya sake, ya ƙi. Kawu ya fizge ya gwada da kansa har yatsunsa suka yi jini.

Da gatari da guduma aka ɓalle ƙofar, bayan an daɗe ana fama. Sauran matan sun fito da rarrafe suna tari. Ɗela kuwa an same ta jingine da ƙyaure, rai ya yi halinsa, wuta ba ta taɓa ko zanenta ba.

Kamfani ya kori Kawu saboda ɓata kwaɗo. Isufu ya ci gaba da aikinsa, abin da har yau yake ci mini rai.

Kawu ya koma Dungas wajen innata, yana ɗan noman gero. Labarin soja ya mutu a bakinsa. Ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya jefar, sanyi da damina haka yake kwana. Lotsattsen kwaɗon nan da makullinsa ya tsince su ya ajiye, duk Juma'a in an yi kiran salla sai ya ɗauko ya gwada.

Ranar da zai rasu ina ba shi kunu ya kama hannuna ya ce, "Mariyama, ashe masallacin ba nisa."