Agogon Kada

Kafin ya zama mai wankin motoci, Kada ma'aikacin ƙarƙashin ruwa ne. Shekarun ƙarfinsa duka a tashar jiragen ruwa ya ƙarar da su, yana nutso da tukunyar iska a bayansa, yana kankare gansakuka daga gindin jirage, yana walda inda ƙarfe ya tsage. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Kada, don in ya shiga ruwa sai an kusa mantawa da shi kafin ya ɓullo. A tudu ma ba shi da yawan magana.

A can ya sayi agogon. Duk waɗanda ya ɗaura kafin shi gishirin teku ya cinye su, fatar hannunsa kuma ta yi ta ƙuraje. Wannan kuwa na titaniyam ne, wani ƙarfe mai ruwan toka da ba ya tsatsa, ba ya ƙyalli, ba shi da nauyi sam. A gefen fuskarsa akwai zobe da ake juyawa yana ƙas-ƙas, mai nutso ya saita shi kafin ya sauka don ya san lokacin da ya ci a ƙasa. Lambobinsa suna haske a duhu.

Wata rana ƙugiya ta tsinka masa bututun iska yana can ƙasa. Mai nutso ba ya tasowa lokaci guda, hawa yake yana tsayawa har jiki ya saba. Kada bai samu wannan damar ba. Ya taso a guje, huhunsa na dama ya tsage, kunnensa na hagu ya mutu. Da zai bar asibiti likita ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Daga yau kai da ruwa sai sha da wanka."

Kamfani ya sallame shi. Ya kwashi matarsa mai ɗinki da 'yarsu tilo, wadda yake kira Uwata saboda kamarta da mahaifiyarsa, suka koma wata unguwa a bakin gari inda haya take da sauƙi. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, keken ɗinki a jikin taga. Bayan unguwar akwai tsofaffin ramuka da aka haƙi dutse aka bari, ruwa ya cika su ya yi kore shar.

Ya samu aiki a wurin wankin motoci na bakin titi. Agogon yana hannunsa daga safe har yamma, cikin kumfa da baƙin mai, bai taɓa yin ko gezau ba. A gida ma ya yi amfani. Matar takan leƙo daga madafa ta ce, "Maigida, juya mini zoben nan, na ɗora ƙwai." Abokan aiki kuwa sun samu abin tsokana.

"Kada, kafin ka shiga bokitin nan saita agogo, kar iska ta ƙare maka!"

Yakan yi murmushi ya ci gaba da goge taya. Masu motoci da suka san darajar abin sukan tsaya su kama hannunsa su duba, su tambaye shi inda mai wankin mota ya samo irin wannan. Nan ne kawai bakinsa yake buɗewa. Zai ba su labarin jirage masu girman unguwa, da duhun da ke ƙasa, da yadda ake walda a cikin ruwa. Maganar huhu ce bai taɓa faɗa ba. Ba ƙarya ya yi wa kowa ba, ya dai ji daɗin yadda ake kallonsa in yana labarin. Haka kowa a unguwar ya san cewa mai agogon nan ɗan ruwa ne.

Da damina ta yi tsakiya, wata rana da la'asar, mai gidan burodin unguwar ya shigo wurin wankin babu takalmi, da gari a hannunsa har gwiwa. Babban ɗansa, magidanci mai mata da jariri, ya je wanke babur a bakin rami, santsi ya ɗebe shi. 'Yan kwana-kwana sun zo sun ja ƙugiya sun gaji sun tafi.

"Ɗan'uwa, ba rai na zo nema ba," in ji mai burodi. "Na san ya tafi. Ka ɗauko mini shi in rufe shi da hannuna. Uwarsa tana can bakin ruwa ta ƙi tashi."

Kada ya buɗe baki zai yi bayani. Sai ya ga idon mutumin a kan agogon, ya ga abokan aiki sun ajiye tsummokara suna jira. Ya wanke kumfar hannunsa ya bi shi.

Babu tukunya, babu gilashin fuska. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ja numfashi ya sauka. Ruwan sanyi ƙarara, kuma tun kafin ya yi nisa duhu ya rufe shi, ba ya ganin komai sai ɗan koren hasken nan a wuyan hannunsa. Ya laluba ya taso, ya sake komawa. Ya taɓa tayoyi, ya taɓa ganga. A wata saukar ya kama ƙafar mutum da waya ta nannaɗe. Ya warware ta, ya ja igiya.

Da aka shimfiɗe gawar a bakin rami, uwar ta faɗa kanta. Kada ya koma bayan wani dutse ya yi tari, ya ga jini a tafinsa, ya goge a wando.

A gida matarsa ce ta gani da za ta wanke wandon. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ni da yarinyar nan me muka yi maka? Ka ɗauko musu nasu, in ka zauna a can wa zai ɗauko mini nawa?"

Ya ce ba zai sake ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Labari ya bazu har unguwannin maƙwabta, ramukan kuwa ba su daina ci ba. Mai wanki, mai kamun kifi, wani da ya sha ya yi tatul. Duk wanda ruwa ya riƙe wa nasa, ƙofar Kada yake bugawa, shi kuma ba ya iya kallon fuskar mutum a wannan halin ya ce a'a. Kowace fita sai ya kwanta kwanaki yana numfashi kamar zuga-zugi.

Wani abu kuma ya sauya a unguwar. Waɗanda ya yi wa aikin suna gode masa ranar, daga baya in sun hango shi sai su sauya hanya, don fuskarsa tana tuna musu abin da suke son mantawa. Mata sukan janye 'ya'yansu in ya wuce. Aka daina zuwa gidansa hira, masu kawo ɗinki suka ragu. Ya zama in an buga ƙofarsu, matar takan tsayar da keke ta dafe ƙirji.

'Yarsa, wadda ta fara aiki a kantin magani, ta tare shi wata safiya.

"Baba, ka cire agogon nan. Allon talla ne ka rataya a hannu."

"Lokaci nake dubawa, Uwata."

"Wayarka ba ta nuna lokaci?"

Ya cire ya ajiye a kan tebur ya fita. Inda agogon yake fatar ta yi fari fat. Duk safiyar nan yana shafa wurin, yana jin kamar ya fito ba riga. Ba tare da shi ba, tsoho ne kawai mai kurman kunne da bokiti. Da tsakar rana ya dawo gida ya ɗaura abinsa, bai kalli kowa ba.

A damina ta gaba zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana kwance aka zo da kuka. Wani kafinta ne, matarsa ta je ɗauraye kaya ba ta dawo ba, sai kwanonta aka gani yana yawo a kan ruwa. Kada ya yunƙura zai tashi, matarsa ta riga shi, ta ja ƙofa ta sa sakata ta jingina da ita.

"Ba shi da lafiya, bawan Allah. Ka yi haƙuri. Huhu ɗaya gare shi."

"Yau ne huhun ya zama ɗaya?" in ji kafinta daga waje. "Na kowa ya ɗauko. Tawa ce ba mutum ba?"

Ya yi ta bugu har hannunsa ya gaji. Kada yana zaune a bakin gado, kansa tsakanin gwiwoyi, yana jin kowace kalma.

Sai bayan kwanaki ruwa ya sako matar da kansa, ta kumbura, da zanenta aka gane ta. Daga ranar unguwa ta juya masa baya gaba ɗaya. Aka ce girman kai ne, aka ce zaɓen mutane yake yi. Wani ya tofa yawu a gabansa a bakin titi. Kafintan bai taɓa zaginsa ba, in sun haɗu tsayawa kawai yake yana kallonsa har ya wuce, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Kada ya daina cin abinci sosai. Da matarsa ma magana ta ragu, ba faɗa suka yi ba, kowa dai ya san abin da ke tsakaninsu.

Shi ya sa da aka sake zuwa, a wurin aiki wannan karon, bai aika gida ba. Wani lebura ne baƙo ruwa ya ci, ba shi da kowa a garin sai abokan aikinsa biyu. Kada ya sauka, ya same shi a saukar farko, ya ɗaura masa igiya. A hanyar tasowa ya ji wani abu ya yage a ƙirjinsa kamar tsohon yadi. Da igiya aka jawo su, su biyun, aka shimfiɗe su gefe da gefe. Mutane suka ɗan jima kafin su gane wanne ne yake numfashi.

Ya rayu. Likitoci suka cire abin da ya saura na huhun dama, ya dawo gida ba ya iya taka tsakar gida sai ya huta a hanya. Wurin wankin ya ɗauki wani. Abokan aikinsa sun zo dubiya sau ɗaya, suka zauna a takure, ɗaya ya gwada tsohuwar tsokanar bokiti, ba wanda ya yi dariya.

Yanzu a kujerar roba yake yini a bakin ƙofa, bargo a cinyarsa. Ya rame har agogon yana zamewa zuwa tsakiyar damtse, sai da 'yar ta kai wa mai gyara ya rage masa maɗauri. Ita da ta ce ya cire, ita ce ta ɗaura masa da ta dawo da shi. Da zoben yake auna tazarar maganinsa.

Matar ce take yi masa wanka, a kan ɗan benci, da ƙaramin kofi. Ba ya yarda ruwa ya sauka a fuskarsa. In ta kai wuya sai ya riƙe hannunta da ƙarfi, idonsa waje, ya ce, "A hankali. Bari in ja numfashi tukuna." Ita kuma takan jira, sannan ta jiƙa tsumma ta goge masa fuska.

Hukuma ta zo ta cike rami ɗaya da shara, sauran suna nan. A daminar da ta wuce sun ci mutum biyu. Matar ta ji labarin a kasuwa, ta dawo ta zauna a kekenta, ba ta gaya masa ba.